Yadda ake ɗaukar bayanan jarirai a ɗakin haihuwa kafin a kai ga fom ɗin wata

Tambaya: Assalamu alaikum. An ɗora mini haɗa rahoton wata na ɗakin haihuwa a wani asibitin gwamnati a jihar Kebbi. Kusan duk wata sai jami'in tattara bayanai na ƙaramar hukuma ya maido mini da fom, ya ce lissafina bai daidaita ba. Wane bayani ya kamata a ɗauka a kan kowane jariri, kuma ta ina kuskuren ke shigowa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, sannu da ɗawainiya. Idan fom ya dawo miki a ƙarshen wata, ɓarnar ta riga ta auku tun makonnin baya, a ɗakin haihuwa, cikin sa'a guda bayan jariri ya faɗo. Abin da ungozoma ba ta rubuta a wannan sa'ar ba, duk wanda ya zo cikewa daga baya kintace zai yi. Don haka ajiye fom ɗin tukuna, ki jawo rajistar ɗakin haihuwa mu bi ta tare.

Abu na farko, lissafin mata daban, lissafin jarirai daban. Mace ɗaya ta haifi tagwaye: haihuwa ɗaya ce, jarirai biyu, kuma kowanne sai an ba shi nasa layin, da nasa lokacin fitowa, da nasa nauyin. Inda aka cusa Hassan da Husaini a layi ɗaya aka rubuta "tagwaye" a gefe, mai ƙirga layuka a ƙarshen wata zai ƙirga ɗaya, jimillar maza da mata kuma ta zarce jimillar jarirai. Wannan kaɗai ya isa a maido miki da fom. A kowane layi ana son sunan uwa da lambar katinta, shekarunta, inda take zaune, cikin nan na nawa ne, makonnin cikin, rana da lokacin haihuwa, yadda aka haihu, da kanta ko aiki aka yi mata, wanda ya karɓi haihuwar, jinsin jariri, ko ya zo da rai, nauyinsa, makin Apgar (awon lafiyar jariri da zarar an haife shi) a minti 1 da minti 5, da halin da uwa da jariri suka bar asibiti. Akwai kuma gurabun abin da aka yi wa jariri: an ɗora shi a ƙirjin uwa, ya kama nono cikin sa'a ta farko, an shafa maganin cibiya. Jaririn ba shi da suna sai ranar bakwai, saboda haka da sunan uwa da lambar katinta ake bibiyarsa. A ɗaki mai Aisha huɗu da Hauwa'u uku a dare ɗaya, lambar ce ke raba gardama.

Gurbin da ya fi kowanne nauyi shi ne na "ya zo da rai ko babu rai", kuma nan aka fi yin tuntuɓe. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda rajistarku ke bi, duk jaririn da ya fito ya nuna wata alamar rai, an haife shi da rai: ya ja numfashi, ko zuciya na bugawa, ko cibiya na harbawa, ko ya motsa hannu ko ƙafa. Ba a duba makonnin cikin, ba a duba ko alamar ta daɗe. Ko minti biyu ya yi ya koma, a rubuce haihuwa ce mai rai, sannan mutuwar jariri. Wanda ya zo babu rai shi ne wanda ya fito ba tare da ko ɗaya daga waɗannan alamu ba, kuma cikin ya kai mako 28. Idan ba a san makonnin ba, ana amfani da nauyin giram 1,000. Wanda ya fito ba rai ƙasa da haka, ɓari ne, ba ya shiga lissafin haihuwa.

Me ya sa ake cakuɗa su? A ƙasarmu tambayar da dangi ke yi a bakin ƙofa ita ce, "Ya yi kuka?" Tambayar tana da tushe, domin a fiƙihun Malikiyya kukan jariri ne ake dubawa wajen sallar jana'iza da gado. Wannan hukunci ne na malamai, yana nan a muhallinsa. Amma rajista ba kuka take tambaya ba. Jariri na iya fitowa shiru, jiki a sake, alhali zuciya na bugawa. Idan ungozoma ba ta sa abin sauraro a ƙirjinsa ba, ba ta taɓa gindin cibiya ba, za ta rubuta "babu rai" ga yaron da jakar hura iska za ta iya tasarwa in an fara cikin minti na farko. Akwai kuma tausayi: ya fi sauƙi a ce wa uwa bai zo da rai ba, a kan a ce ya zo ya koma a hannunmu. Akwai tsoro, domin mutuwar jariri na jawo zaman bitar abin da ya faru. Duk dalilan nan na ɗan Adam ne, amma sakamakonsu ɗaya: asibiti ya ɓoye wa kansa cewa yana da matsala wajen farfaɗo da jarirai. In ma'aikata suka ga zaman bitar ya koma kotu, rajista za ta cika da "babu rai". Shugaban asibitin ne zai iya kashe wannan tsoron, ba ke ba, amma ki faɗa masa.

Wanda ya zo babu rai ma iri biyu ne, kuma rajista na son a bambanta. Idan fatarsa lafiya lau take, galibi ya rasu ne lokacin naƙuda, ko dab da ita. Wannan na nuni ga jinkirin zuwa asibiti, doguwar naƙuda, ko rashin sauraron bugun zuciyarsa a kai a kai. Idan fata ta saluɓe, launi ya canza, ya kwana biyu da rasuwa a ciki. Nan sai a duba awon ciki: hawan jini, maleriya, ƙarancin jini, ciwon sukari. Magani biyu ne daban, shi ya sa gurbi biyu. Ƙarin dabara: a rubuta ko an ji bugun zuciyar ɗan tayi lokacin da uwar ta iso. Wannan layi ɗaya na nuna wanda ya rasu a hanya da wanda ya rasu a kan gadonku. Kuma shi ma a auna nauyinsa, a rubuta jinsinsa, kafin a miƙa wa dangi. Sau da yawa ana naɗe shi a zane a fita da shi cikin gaggawar jana'iza, layinsa ya zauna fayau, ko ma ba a buɗe masa layi ba sam.

Sai nauyi. A auna cikin sa'a ta farko in hali ya yi, bayan an tsane shi ya ɗan kwanta a ƙirjin uwa, domin jariri na rage nauyi a kwanakin farko, har kusan kashi 10 cikin 100, kafin ya maido cikin mako biyu. Nauyin kwana uku ba nauyin haihuwa ba ne. A shimfiɗa ƙyalle mai tsabta a kan sikeli, a maida shi sifiri da ƙyallen a kai, sannan a ɗora jariri tsirara, a jira allura ko lambar ta tsaya. Wanda aka auna da zanen atamfa da hula da safa ya samu kyautar giram ɗari ko fiye. A rubuta da giram, yadda sikeli ya nuna: 2,430, ba 2.5 ba. Dalilin shi ne iyakar ƙarancin nauyi tana kan giram 2,500 daidai. Ƙasa da haka jariri na da ƙarancin nauyi, 2,500 cif ba shi da shi. Duk mai 2,450 da aka cike masa zuwa 2.5 ya fita daga lissafi, ya kuma fita daga kulawar da ta kamace shi, wato ɗumi a ƙirjin uwa dare da rana, da lura da shan nono. Ƙasa da 1,500 kuwa ƙarancin ya tsananta, ba na ƙaramin asibiti ba ne.

Ga gwajin minti goma da za ki yi yau. Buɗe rajistar watan jiya, ki ƙirga jarirai nawa aka rubuta musu 2.5, 3.0 ko 3.5 daidai. Idan sun kai rabi, to ido ake aunawa da shi, ko sikelin ba ya nuna ƙananan giram, ko batir ya mutu ana jin nauyin faɗa. Sikelin lamba mai nuna giram goma-goma shi ya fi. Mai allura ya kan tsallaka hamsin-hamsin ko ɗari-ɗari, kuma ƙarfensa na sakewa da tsufa. Ki samu wani abu da kika tabbatar da nauyinsa, ki ajiye shi don wannan aikin kawai, duk ranar Litinin a ɗora a rubuta abin da ya nuna a bayan rajista. Ranar da ya canza, sikelin ne ya canza.

Makonnin ciki kuma akwai wani kuskure da ke yawo a asibitoci kamar mura. Uwa ta ce wata tara, ma'aikaciya ta ninka tara sau huɗu ta rubuta mako 36. To bakwaini a ma'aunin asibiti shi ne wanda bai kai mako 37 ba. Kin ga an maida lafiyayyen ciki cikakke bakwaini da alƙalami. Cikakken ciki mako 40 ne, kwana 280 daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. Mafi inganci shi ne hoton ciki da aka yi tun watannin farko. Sai ranar al'adar ƙarshe in uwar ta tuna. Sai awon tsayin ciki da tef, wanda tsakanin mako 24 da 36 santimita ke tafiya kusan daidai da mako. Duba katin awo kafin ki tambayi baki. Idan babu kati, a taimaka mata da kalandar da take rayuwa da ita: kin yi azumin bana cikakke ko kin sha? Da Babbar Sallah kina da cikin? An fara girbin shinkafa? Wata za ta ce miki cikin ya kwanta, ya shekara guda da rabi. Kada a yi musu da ita, kada kuma a rubuta mako 70. A koma ga awon tef da kamannin jaririn. Inda ba a samu komai ba, a rubuta ba a sani ba. Gurbi mai cewa "ba a sani ba" ya fi gurbi mai ƙarya amfani.

Shekarun uwa haka suke taruwa a kan 20, 25 da 30. Abin da wannan ke ɓatawa shi ne lissafin 'yan ƙasa da 20 da na waɗanda suka haura 35, su ne kuwa masu haɗari. Nan ma tarihi ke taimako, musamman in uwarta ko gwaggonta na wurin: an haife ta shekarar da Abacha ya rasu, 1998 ke nan, shekarar da 'Yar'aduwa ya rasu aka kuma yi babbar ambaliya a Sakkwato da Kebbi, 2010 ke nan. Yawan haihuwa kuma kada a tambaya da "'ya'yanki nawa?" Za ta ƙirga rayayyu kawai, wata ma ta tsallake ɗan fari saboda kunya. A rarraba tambayar, cikin taushin murya, ba a gaban dangin miji ba: ciki nawa kika taɓa ɗauka, nawa suka zube, nawa suka zo babu rai, nawa suka koma bayan haihuwa, nawa ke raye.

Adireshi yana da nasa tarko. Mai cikin fari takan tafi goyon ciki gidan iyayenta. Aurenta na Jega, ta haihu a Argungu, bayan arba'in ta koma. Rigakafin yaron da makarantarsa duk a Jega za a yi, don haka abin da ake so shi ne inda take zaune dindindin: ƙaramar hukuma, mazaɓa, gari ko unguwa, da wata alama kamar masallaci ko gidan mai unguwa. Idan akwai wuri, a ƙara inda za ta yi jego, don bibiya. A asibitocin iyaka irin na Kamba ko yankin Bagudo, masu zuwa daga Nijar da Benin a rubuta garinsu na gaskiya. Haihuwar taku ce a lissafin aikin asibiti, amma ba ta shiga lissafin mutanen mazaɓar. Makiyayi a rubuta ruga da sunan arɗo. Kalmar "Birnin Kebbi" ita kaɗai ba adireshi ba ce.

Lokaci a rubuta shi da agogon sa'a 24, kwanan wata kuma ya juya da ƙarfe 12 na dare. A bakinmu "daren Juma'a" daren Alhamis ne wayewar Juma'a, to idan aka bi bakin dangi sai a gusar da ranar haihuwa da kwana guda. Wadda aka kwantar ranar 31 ta haihu ƙarfe 00:20, jaririnta na sabon wata ne.

Yanzu inda jarirai ke ɓacewa ko su ninku. Waɗanda aka ciro ta aiki sukan tsaya a littafin ɗakin tiyata, ba su dawo rajistar haihuwa ba, musamman aikin dare. Wadda ta fara naƙuda a ƙaramin asibiti a Kalgo aka tura ta Asibitin Tunawa da Sir Yahaya, inda jaririn ya fito nan ne ake ƙirga haihuwar. Asibitin farkon kuwa, turawa kawai zai rubuta. Wadda ta haihu a gida, ko a kan babur, ko cikin kwalekwale a yankin Yawuri, aka kawo ta don mabiyiya ta ƙi fita, a rubuta ta a matsayin wadda ta haihu kafin isowa, kada ta shiga jimillar haihuwar asibiti. Jaririn da aka kai ɗakin kula da jarirai ya rasu bayan kwana biyu, a rajistar haihuwa yana nan "lafiya" har abada in ba wanda ya koma ya gyara. A can ɗakin ma a raba waɗanda aka haifa a asibitinku da waɗanda aka kawo daga waje. Maganin duk wannan bai wuce a riƙa haɗa littattafan uku, na haihuwa, na tiyata da na ɗakin jarirai, duk safiya wajen miƙa aiki ba. Idan rajista ta ƙare ba a kawo sabuwa ba, a ja layuka a babban littafi da gurabu iri ɗaya. Takardun da ake yagowa a cusa a aljihu ba sa kai ƙarshen wata. Gyara kuma layi ɗaya ake ja a kan kuskure, a rubuta daidai a gefe, a sa hannu.

Bari mu gwada da misali na ƙirƙira. A ce mata 120 suka haihu a wata, biyu tagwaye. Jarirai 122 ke nan. Biyar sun zo babu rai, saura 117 masu rai. Maza da mata na masu rai dole su ba da 117. An auna 110, an samu 14 ƙasa da giram 2,500. Ana raba 14 da waɗanda aka auna, 110, ya ba da kashi 12.7 cikin 100, kuma a faɗi cewa bakwai ba a auna su ba, domin galibi marasa lafiyan da aka ruga da su ne ba a aunawa, su ne kuma ƙanana. Waɗanda suka zo babu rai ana raba su da dukkan jarirai: 5 cikin 122, kusan 41 cikin 1,000. A ce uku daga masu rai sun rasu kafin sallama: 3 cikin 117, kusan 26 cikin 1,000. To duba abin da zai faru in an rubuta biyu daga ukun nan a "babu rai": adadin waɗanda suka zo babu rai ya haura zuwa 57 cikin 1,000, na waɗanda suka rasu bayan haihuwa ya faɗo ƙasa da 9. Mai karanta rahoto a Birnin Kebbi zai ce wannan asibiti gwani ne wajen farfaɗo da jarirai, matsalarsa awon ciki ce, a tura horo inda ba a buƙata. Gawa takwas ɗin kuwa suna nan yadda suke. Shi ya sa masana ke haɗa biyun su duba tare.

Kafin ki sa hannu a fom ɗin wata, wanda jami'in zai shigar a manhajar tattara bayanan lafiya ta DHIS2, ki tabbatar masu rai da marasa rai sun ba da jimillar jarirai, jarirai ba su gaza matan da suka haihu ba, waɗanda suka haihu da kansu da waɗanda aka yi wa aiki sun ba da jimillar matan. Inda babu ko ɗaya a rubuta 0. Gurbin da aka bari fari ana ɗaukarsa ba a kawo rahoto ba. Kwatanta kuma da littafin rigakafi: allurar ciwon hanta da ake so a yi cikin sa'a 24, ɗigon shan-inna na farko, da BCG, wato allurar tarin fuka. BCG kan zarce haihuwarku saboda na gida da ake kawowa, wannan ba laifi ba ne. Yawan maza da mata kada ya dame ki a wata ɗaya. A duniya ana haifar maza kusan 105 ga mata 100, amma sai a lissafin shekara ko fiye wannan ke fitowa.

Wani abu da iyaye ke ruɗewa a kai: katin da asibiti ke bayarwa ba shi ne takardar shaidar haihuwa ba. Wannan ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce, bisa doka mai lamba 69 ta 1992, wadda ta ce a yi rajista cikin kwana 60. A Nuwamba 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da yin rajistar ta na'ura. Binciken halin yara da mata na MICS na 2021 ya nuna kashi 57 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar ke da rajista a Najeriya. Cikas ɗin a wurinmu sananne ne: ana sallamar uwa cikin kwana ɗaya, suna sai ranar bakwai, ita kuma ba ta fita sai ta yi arba'in. Amma dubi yadda kwanakin suka faɗa: rigakafin mako shida kwana 42 ne, an gama wanka, yaro ya samu suna, wa'adin 60 bai cika ba. Ku daidaita da magatakardan hukumar ya riƙa zama ranar rigakafi, ki ba shi jerin haihuwar da ta kai mako shida. A tambayi uba yadda yake so a rubuta sunan, Muhammad ko Muhammadu, harafi bayan harafi, domin wannan rubutun ne zai bi yaron har wajen lambar NIN da jarabawa.

Rajistar nan sirrin mutane ce, akwai sakamakon gwajin jini a ciki, akwai wadda ba ta son a tambayi uban ɗanta. Kada a ɗauki hoton shafi a tura ta WhatsApp don sauƙin aiki. Jimilla ake turawa, ba sunaye ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi asibiti kamar yadda ta shafi banki.

Idan rahotonki ya daidaita, sai ki kula da yadda ake karanta shi. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa, NDHS, na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 na haihuwa a Najeriya ne ake yi a asibiti, a Kebbi kuwa bai kai kashi 10 ba. Waɗanda ke iso muku da yawansu sai da abu ya gagara a gida: jijjiga, zubar jini, naƙudar kwana biyu. Don haka adadin mace-macen asibitinku zai fi na gari yawa, na babban asibitin da ake tura wa marasa lafiya kuma zai fi na ƙarami, ba don aikinsu ya fi muni ba. Ki kwatanta asibitinku da kansa, bana da bara, damina da damina. Haihuwar gida da ungozomomin gargajiya da masu unguwanni ke kawo labarinta kuwa a buɗe mata littafi daban, da sunan gari da ranar haihuwa, a miƙa wa mai rigakafi da magatakardan hukumar ƙidaya, kada ta shiga rajistar ɗakin haihuwa.